Filin Tambayoyin Masu Karatu: Yoyon Wuta a Na'urorin Asibiti da Yadda Ake Auna Shi

Da yawa daga cikin wasiƙun da suka iso wannan fili a watan nan sun fito ne daga ma'aikatan asibiti, kuma kusan dukkansu a kan abu ɗaya suke, wato wutar lantarkin da ke sulalewa daga cikin na'ura ta bi ƙarfen jikinta, ko ta bi wayoyin da ake manna wa majinyaci. Mun taƙaita tambayoyin saboda ƙarancin fili, mun kuma sakaya sunayen masu su da na wuraren aikinsu kamar yadda muka saba.

Tambaya: Malam Injiniya, bayan gaisuwa mai yawa, ni nas ce a ɗakin masu haihuwa na wani asibiti a Kano. Muna da na'urar lura da bugun zuciya wadda duk lokacin da na dafa bayanta da hannu ɗaya, ɗaya hannun yana kan ƙarfen gado, sai in ji wuta tana ɗan ja na. Mai gyaran wutarmu ya duba ya ce ba komai, tunda tana aiki lafiya kuma ba ta taɓa ƙona fis ba. Shin in kwantar da hankalina?

Amsa: Malama, kada ki kwantar. A cire wannan na'ura daga kan majinyata yau ɗin nan, a liƙa mata takarda cewa ba a amfani da ita, har sai wanda ke da kayan awo ya auna ta.

Mafi yawan mutane sukan fara jin wutar gida a yatsunsu ne idan abin da ke ratsa su ya kai rabin miliamfiya zuwa miliamfiya ɗaya (miliamfiya kashi ɗaya ne cikin dubu na amfiya, awon yawan wutar da ke gudana), wato maikro'amfiya 500 zuwa 1,000. Ƙa'idar IEC 60601-1, wadda masana'antun duniya ke bi wajen ƙera na'urorin asibiti, ta yarje wa jikin na'ura ya zubar da maikro'amfiya 100 ne kacal idan komai lafiya, da kuma 500 idan wani abu guda ya lalace. Saboda haka abin da hannunki ya iya ji ya riga ya kai, ko ya kusa kai, iyakar da aka yarda da ita ga na'urar da ta samu matsala. Maganar fis kuwa ba ta da tasiri a nan, domin fis mai amfiya 3 ba zai ƙone ba sai wuta ta wuce amfiya 3, wanda ya ninka waccan iyakar sau dubu shida. An sa fis ne don kare waya daga kamawa da wuta.

Kowace na'ura mai aiki da wutar soket tana yoyo, ko da jiya ta fito daga kwali, kamar yadda tulu ke tsattsafo ba tare da ya tsage ba. Dalili shi ne wutar gida tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa, irin wannan wuta kuwa tana iya tsallakawa kaɗan-kaɗan tsakanin ƙarafa biyu da ke kusa da juna ko da akwai roba a tsakaninsu. Ban da haka, masu ƙera na'urori sukan sa ƙananan kafasitoci, wato 'yan kayan lantarki masu riƙe caji, tsakanin wayoyin wuta da jikin ƙarfe da gangan, domin tace hayaniyar da kan lalata hoton bugun zuciya a allo. Kafasita guda mai nanofarad 4.7 a kan wuta mai bolt 230 yana barin kimanin maikro'amfiya 340 ta wuce, dare da rana, matuƙar na'urar tana jone.

Abin da ke hana wannan yoyo ya taɓa kowa shi ne waya ta uku, mai launin kore da ruwan ɗorawa, wadda masu gyaran wuta ke kira wayar at, wato wayar ƙasa. Ita ce ke kwashe shi ta kai ƙasa. Ranar da ta katse, na'ura za ta ci gaba da aiki ba tare da wata alama ba, allo yana haske, ƙararrawa tana kaɗawa, sai dai yoyon ya rasa hanya, yana jiran wanda zai haɗa jikin na'urar da wani ƙarfe mai taɓa ƙasa. Ke ce kika zama wannan hanya da kika dafa gadon. Majinyaciyar da ke kwance a kansa da allurar ƙarin ruwa a hannu ma tana iya zama.

Wuraren da wayar ƙasa ke katsewa sanannu ne. Akwai cikin filogi, inda ake yawan samun koriyar wayar ta zame daga noti saboda ana fizge igiya maimakon a kama kan filogin. Akwai ekstenshan na kasuwa mai ramuka uku amma waya biyu ce kawai a cikinsa. Akwai soket ɗin bango da ba a taɓa ja masa wayar ƙasa ba tun ranar da aka yi wayarin. Akwai kuma wanda na fi gani a ɗakunan jinya, wato filogin Turai mai ƙafa biyu zagayayyu, da ake tura murfin biro a ramin sama na soket mai ramuka uku don a buɗe masa hanya a cusa shi. Wannan filogi yana da mahaɗin ƙasa, amma a gefensa yake, ƙananan ƙarafa biyu ne da ke neman soket irin na Jamus, kuma a soket irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya ba sa taɓa komai. Ki duba igiyar na'urarki, wataƙila amsar tana nan. Sai dai idan kika ga alamar murabba'i cikin murabba'i a bayan na'ura, to wannan nau'i ne mai rufin kariya biyu wanda ba ya dogara da wayar ƙasa, kuma jin wuta a jikinsa ya fi tayar da hankali, domin yana nufin rufin ne ya samu rauni ko ruwa ya shiga.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni ɗalibin likitanci ne a Zariya. Na ga an rubuta cewa wasu na'urori ba a yarda su zubar da fiye da maikro'amfiya 10 ba. Wannan ai ko sauro ba zai kashe ba. Ba tsaurin ido ba ne kawai na masu rubuta ƙa'ida?

Amsa: Malam, ga mai lafiya da ke tsaye da busasshiyar fata maganarka gaskiya ce, ba zai ma san an yi ba. Busasshiyar fata tana da turjiya, wato ƙarfin hana wuta wucewa, ta dubban om masu yawa, kuma wutar da ta samu ta ratsa ta tana bazuwa a cikin tsoka da jini, kaɗan daga cikinta ke bi ta zuciya. Charles Dalziel na Jami'ar Kalifoniya da ke Berkeley ya yi gwaje-gwaje a kan masu sa kai a shekarun 1940 da 1950, ya gano cewa matsakaicin namiji yakan kasa sakin wayar da ya riƙe idan wuta ta kai kimanin miliamfiya 16, mace kuwa kimanin 10.5. Kafin wutar da ta shiga ta fata ta rikita bugun zuciya sai ta kai gomman miliamfiya zuwa ɗari ko fiye.

Asibiti kuwa wuri ne da ake kawar da wannan kariya da gangan. Ana goge fata a shafa mata man da ke sauƙaƙa wa wuta wucewa kafin a manna wayoyin ECG (na'urar ɗaukar hoton bugun zuciya), ana huda ta da allura, ana yanka ta a tiyata, kuma wanda aka sa wa maganin barci ba zai janye hannunsa ba balle ya yi ƙara. Mafi tsanani shi ne majinyacin da aka zura wa siririn bututu cike da ruwan gishiri ta jijiya har cikin zuciya, ko aka sa masa wayar daidaita bugu ta wucin gadi wadda bakinta ɗaya ke jikin tsokar zuciya, ɗayan yana waje a kan ƙirji. A wannan hali duk wutar da ta shiga tana taruwa ne a wani ɗan ɗigo na tsokar zuciya, kuma gwaje-gwajen da aka yi a kan karnuka sun nuna cewa kimanin maikro'amfiya 20 na iya jefa zuciya cikin karkarwar da ke hana ta harba jini. Abin takaici kuma, juyi 50 zuwa 60 a daƙiƙa, wanda duniya ta zaɓa wa wutar gida, yana cikin zangon da ya fi saurin rikita zuciya. Irin wannan mutuwa ba ta barin ƙuna ko tabo, kuma tunda mai irin wannan bututu dama yana cikin mawuyacin hali, cutarsa za a ɗora wa laifi.

Wannan ne ya sa aka kasa sassan da ke taɓa majinyaci kashi uku, kowanne da alamarsa kusa da inda ake jona wayar. Nau'in B yana da hoton mutum, nau'in BF hoton mutum a cikin akwati, nau'in CF kuwa hoton zuciya a cikin akwati. Akwatin yana nufin an raba sashen da ƙasa da sauran na'urar baki ɗaya. B da BF an yarje musu maikro'amfiya 100 a lafiya da 500 a matsala guda, CF kuwa 10 da 50, kuma shi kaɗai ne aka yarda ya kai ga zuciya kai tsaye. Idan ka ga wasu ƙananan layuka a gefe biyu na akwatin, suna nuna cewa sashen zai jure bugun na'urar farfaɗo da zuciya.

Akwai ƙamshin gaskiya a zarginka ta fuskar tarihi. A 1971 Ralph Nader ya rubuta a mujallar Ladies' Home Journal ta Amurka cewa aƙalla mutum 1,200 ne wuta ke kashewa a ɓoye kowace shekara a asibitocin ƙasar. Daga baya injiniyoyi da dama sun bi diddigi ba su sami hujjar da ta tabbatar da wannan adadi ba, amma tsoron da ya haifar ya sa asibitocin Amurka suka buɗe sassan injiniyoyin kula da na'urori, sannan a 1977 hukumar IEC mai tsara ƙa'idojin lantarki na duniya, da ke Janeba, ta fitar da bugun farko na ƙa'idar da muke magana a kai. A ganina iyakar maikro'amfiya 10 tana nan daram a kan hujja, ko da adadin Nader ya wuce gona da iri. Sai dai a asibitin da soket ɗinsa ba shi da wayar ƙasa, haɗarin da ya fi kusa shi ne babbar wutar da za ta hau jikin ƙarfe ranar da rufin waya ya ƙone a ciki, wadda ba ta buƙatar bututun zuciya kafin ta yi kisa.

Tambaya: Injiniya, ni ne mai gyaran na'urori a wani asibitin gwamnati, kuma abin da nake da shi testa ce da mitar hannu. Zan iya auna yoyon wuta da su? Idan ba zan iya ba, yaya ake yin gwajin a ƙa'idance?

Amsa: Abokin aiki, testa takan kama da wutar da ba ta kai a ji ta ba, saboda haka haskenta ba ya gaya maka yawan abin da ke yoyo. Mitar hannu kuwa tana da amfani wajen gano wayar da ta katse gaba ɗaya, kuma ina ƙarfafa ka ka ci gaba da yin hakan, amma ba za ta ba ka adadin da za ka kwatanta da ƙa'ida ba. Idan ka sa ta a awon bolt tsakanin jikin na'urar da ba ta da wayar ƙasa da wani ƙarfe mai taɓa ƙasa, za ta iya nuna maka bolt 110 ko fiye, ka firgita, alhali wannan rabon wuta ne kawai tsakanin kafasitocin tacewa. Idan ka sa ta a awon om, igiyoyinta kaɗai suna iya cinye om 0.2, wanda shi ne kusan duk abin da kake son aunawa.

Ma'aunin da aka yi don wannan aiki yana ɗauke da wani ɗan da'ira da ke tsayawa a madadin jikin mutum: turjiya mai om 1,000 wadda wutar ke bi, sai wata mai om 10,000 da kafasita mai maikrofarad 0.015 da ke rage nauyin wutar da juyinta ya wuce 1,000 a daƙiƙa, domin jiki bai cika jin irin wannan ba. Kamfanoni irin su Fluke Biomedical da Rigel Medical da Gossen Metrawatt suna ƙera su, kuma shi kansa ma'aunin yana buƙatar a riƙa kai shi ana daidaita shi, galibi shekara-shekara.

Gwajin yana da jeri, kuma jerin yana da dalili. Ana farawa da ido da hannu, na'ura a cire daga soket: a bi igiya daga filogi har inda ta shiga, a nemi inda tayar gado ta take ta ko ɓera ya ci, a buɗe filogi idan mai buɗuwa ne, a tabbatar fis ɗin shi ne wanda aka rubuta, a duba tsagewar jiki da alamar busasshen ruwan magani ko jini da ya gangara ta ramukan iska. Yawancin matsalolin da za ka tarar a rayuwar aikinka a nan za ka gan su, tun kafin ka kunna ma'auni.

Sai awon wayar ƙasa, daga doguwar ƙafar filogi zuwa kowane ƙarfe na jikin na'ura da hannu ke iya taɓawa. Ƙa'idar IEC 62353, wadda ita ce ta gwajin cikin asibiti, ta ce kada ya wuce om 0.3 haɗe da igiya, a kuma auna da wutar da ba ta gaza miliamfiya 200 ba. Yayin da ma'auni ke karantawa, ka kama igiyar ka lanƙwasa ta a wuyan filogi da kuma inda ta shiga na'ura, idonka a kan allo. Idan adadin ya tashi daga 0.12 ya yi tsalle zuwa 0.8 ya dawo, silin tagullar da ke ciki sun tsinke saura ɗaya ko biyu, kuma igiyar ta gama aiki ko da ta ci gwaji tana kwance. Na'urar da ta faɗi a wannan mataki ba a wucewa da ita gaba sai an gyara. Bayan nan ana iya auna ƙarfin rufin wayoyi da bolt 500 na wutar da ba ta juyawa, in dai mai ƙera na'urar bai hana ba.

Daga nan ne ake zuwa yoyon kansa. Tunanin da ke bayan gwajin shi ne a tambayi na'ura abin da za ta yi ranar da kariya ɗaya ta gaza, don haka ma'aunin yakan katse wayar ƙasa da kansa, ya juya layif da nutural, ya karanta a kowane hali. A ƙarƙashin IEC 62353, yoyon na'ura mai wayar ƙasa kada ya wuce maikro'amfiya 500, na mai rufi biyu kada ya wuce 100. Sannan ana ɗora ƙarfin wutar soket a kan wayoyin majinyaci, kamar a ce wata na'ura dabam ta lalace ta aiko da wuta ta jikinsa, a ga nawa za ta bari ya wuce: 5,000 ga BF, 50 ga CF. A wannan lokaci hannunka ya yi nesa da wayoyin, kuma babu gwajin da ake yi majinyaci yana jone.

Hanyoyin awo uku ne. Hanyar kai tsaye tana sa ma'auni a tsakiyar hanyar yoyon, ita ce ta fi dacewa da ƙananan adadi. Hanyar bambanci tana kwatanta abin da ya shiga ta layif da abin da ya dawo ta nutural, tana da amfani ga na'urar da ba za a iya raba ta da ƙasa ba, amma ba ta da kaifi a ƙananan adadi irin na CF. Hanya ta uku tana haɗe layif da nutural wuri ɗaya ta ɗora musu wutar gwaji ba tare da an kunna na'urar ba, shi ya sa iyakarta ta zama 1,000 ga mai wayar ƙasa da 500 ga mai rufi biyu, kuma rauninta shi ne ba ta ganin sassan da sai na'ura ta tashi rile, wato makunni mai aiki da kansa, ke jona su.

Kurakurai biyu ne suka fi sa a ba na'ura mai haɗari takardar lafiya. Na farko, a yi awon kai tsaye alhali na'urar tana da wata ɓoyayyar hanya zuwa ƙasa, kamar wayar kwamfuta ko ta firinta, ko bututun ruwa na injin wankin ƙoda, ko teburin ƙarfen da take kai, sai yoyon ya bi can ma'auni ya nuna kusan sifili. Na biyu ya shafe mu sosai, wato awo a lokacin da wuta ta yi ƙasa. Yoyo yana tafiya ne daidai da ƙarfin wuta, don haka na'urar da ta nuna 420 a ranar da soket ke ba da bolt 180 za ta ba da kimanin 537 ranar da wuta ta dawo 230, ka ga ta tsallake iyaka. Ka rubuta ƙarfin wutar ranar a takardar gwaji, ka kuma mayar da lissafin kan 230 idan ma'auninka ba ya yi da kansa.

Tambaya: Wani ya ce mu bi IEC 60601-1, wani ya ce IEC 62353. Wanne ne daidai?

Amsa: Ta farko ta masana'anta ce da ɗakunan gwaji, inda ake matsa wa samfurin na'ura lamba kafin a yarda a sayar da ita: ana tura amfiya 25 ta wayar ƙasa na daƙiƙa 5 zuwa 10, ana ƙara wa wuta kashi 10 cikin 100, ana ɗora dubban bolt a kan rufin wayoyi. Maimaita wasu daga cikin waɗannan kowace shekara yana gajiyar da na'ura. Ta biyu ta fito a 2007, aka sabunta ta a 2014, domin gwajin karɓar na'ura da na bayan gyara da na lokaci-lokaci. Wanda ke riƙe da tsohon littafi ya lura cewa bugun 1988 na IEC 60601-1 ya iyakance yoyon da ke bin wayar ƙasa a rabin miliamfiya, bugun 2005 kuwa ya ɗaga shi zuwa miliamfiya 5, ya bar iyakar abin da hannu ke taɓawa yadda take. Idan mai ƙera na'ura ya rubuta nasa tsarin gwaji a littafin gyara, shi ake fara bi.

Tambaya: Malam Injiniya, ina da ƙaramin asibiti a Katsina. 'Yan'uwa sun aiko mana da na'urori daga Amurka, kowace da takardar gwaji manne a jikinta, muna jona su ta ƙaramin tiransifoma. Yawancin lokaci kuma a kan janareta ko inbata muke. Takardun can sun wadatar?

Amsa: Likita, Allah ya saka wa 'yan'uwan da alheri, amma takardun ba su wadatar ba. An yi wancan awo ne a kan bolt 120 mai juyi 60. Na'urar da ke karɓar kowace wuta daga 100 zuwa 240, idan aka jona ta a bolt 230 mai juyi 50, yoyonta yakan ninku kusan sau ɗaya da rabi da ɗoriya, wato wadda ta nuna 250 a can za ta nuna kimanin 400 a nan, ban da abin da jijjigar jirgi da zaman kwantena suka yi wa wayoyinta.

Waɗanda sai da tiransifoma kuwa sun fi damuna. Mafi yawan ƙananan tiransifomomin da ake sayarwa a kasuwa naɗi ɗaya ne a cikinsu, suna rage wuta amma ba sa raba na'ura da layin gida. Idan an juya layif da nutural a soket, na'urar za ta ga bolt 120 tsakanin wayoyinta biyu ta yi aiki lafiya lau, alhali ɗaya daga cikinsu tana ɗauke da 230 idan aka auna ta da ƙasa, abin da ba a ƙera kafasitocinta don shi ba. Da yawa kuma ramin ƙasan da ke fuskarsu ado ne, ba a jona shi da komai ba. A auna na'ura da tiransifomarta a matsayin abu ɗaya, daga filogin da ke shiga bango, kuma a ɗaure su tare yadda ba za a musanya ba. Wanda ya fi shi ne tiransifoma mai naɗi biyu da aka ƙera don asibiti.

Game da janareta da inbata, ƙananan da yawa nutural ɗinsu ba a haɗe yake da ƙasa ba, kuma a irin wannan wuta awon kai tsaye yakan ba da adadi ƙasa da gaskiya. Ma'auni mai kyau zai yi gargaɗi tun kafin ya fara. Idan ya yi, kada a danne gargaɗin a wuce, a jira wutar layi ko a yi amfani da hanya ta uku. Inbata mai araha wadda wutarta ba santsi take juyawa ba tana ƙara yoyon da ke bi ta kafasitoci, tana kuma cika allon ECG da hayaniya. Sandar ƙasa ta ginin ma a riƙa auna ta, musamman a tsakiyar rani lokacin da ƙasa ta bushe turjiyarta ta hau.

Tambaya: Mun sa abin katse wuta na RCD a duk ɗakunan jinya. Har yanzu muna buƙatar gwajin?

Amsa: Kun yi abin kirki, kuma kuna buƙata. RCD ɗin da aka saba sawa yana katsewa ne a miliamfiya 30, wanda ya ninka iyakar CF ta lokacin matsala sau 600. Yana ceton mai shara da ta taɓa tsirarar waya, amma bai san da yoyon da ke bin bututun zuciya ba. A ɗakin tiyata da na kulawa ta musamman kuwa katsewar wuta kanta haɗari ce ga wanda inji ke yi wa numfashi, shi ya sa ƙa'idar IEC 60364-7-710 ta tanadi tiransifoma mai raba wutar ɗakin da ƙasa, tare da na'urar sa ido da ke kaɗa ƙararrawa idan turjiyar rufin ta sauka zuwa om 50,000, wuta kuma ta ci gaba har a gama aiki.

Tambaya: Ni ce shugabar ma'aikatan jinya a wani asibiti a Maraɗi. Sau nawa ya kamata a yi wannan gwaji, kuma me zan nema a hannun mai yin sa tunda ni ban san lantarki ba?

Amsa: Hajiya, a yi shi ranar da na'ura ta iso kafin ta taɓa kowa, a yi shi bayan duk gyaran da aka buɗe cikinta ko aka sauya igiya, a yi shi idan ta faɗi ko ruwa ya zuba mata, sannan a riƙa maimaitawa bisa tazarar da mai ƙera ta ya rubuta. Inda bai rubuta ba, IEC 62353 ta ba da zango daga wata 6 zuwa 36 gwargwadon haɗarin na'ura da yawan aikinta, asibitoci da yawa kuma sun tsaya a kan shekara guda. Na'urar da ake turawa daga ɗaki zuwa ɗaki, ana cirewa ana jonawa sau goma a yini, ta fi wadda ke kafe a bango buƙatar a waiwaye ta.

Abin da za ki nema shi ne adadi a rubuce. Kada ki karɓi takardar da aka rubuta wa "ta ci gwaji" kawai. Ta ƙunshi lambar na'ura, da kwanan wata, da hanyar da aka bi, da ƙarfin wutar ranar, da lambar ma'aunin da ranar da aka daidaita shi, da kowane adadi kusa da iyakarsa. Ki ajiye takardar farko, domin da ita ake auna na baya. Na'urar da ta nuna 120 a ranar karɓa, 130 bayan shekara, sannan 310 a shekara ta uku, har yanzu tana ƙasa da 500, amma wani abu yana lalacewa a cikinta, kuma gara a buɗe ta yanzu.

Akwai kuma abin da ke hannunki ba sai an jira ma'auni ba. Ki zagaya gadaje ki ƙirga na'urorin da aka tara a kan ekstenshan guda. Na'urori huɗu da kowace ke zubar da 200 duk sun ci gwaji ɗaya bayan ɗaya, amma igiyar ekstenshan ɗin waya ɗaya ce ke kwashe yoyonsu duka, kuma ranar da ta katse 800 ne zai taru a jikin kowace daga cikinsu. Ki nemi a ƙara soket a bango kusa da gadajen da ke ɗaukar na'urori da yawa, a hana jona cajar waya da fanka da butar dafa ruwa a layin da majinyaci ke kai, a kuma sa filogin da ya dace da soket ɗin ginin a kan kowace igiya maimakon adafta.